Kiɗan Jungle da Makaɗin da Aka Manta

Duk lokacin da na ji ana yabon kiɗan jungle, wanda daga baya ya haifi drum and bass, sai Gregory Coleman ya faɗo mini a rai. Shi ne mai gangar ƙungiyar The Winstons ta Amurka, kuma a cikin kiɗansu na 1969 mai suna "Amen, Brother" akwai wurin da sauran kayan kiɗa suka yi tsit, aka bar shi yana dukan ganga shi kaɗai na kimanin daƙiƙa bakwai. Wannan ɗan guntun, da ake kira Amen break, shi ne ginshiƙin salon.

A farkon shekarun 1990 ne matasan Landan, da yawansu 'ya'ya da jikokin mutanen Jamaika, suka zuba guntun a na'urar Akai mai naɗar sauti da sarrafa shi, suka daddatsa shi, suka sake jera shi, suka ƙara masa gudu har ya kai bugu 160 a minti ɗaya, sannan suka shimfiɗa masa amo mai kauri irin na reggae, wanda ƙirji yake riga kunne ji. Manyan gidajen rediyo ba su kula shi ba da farko, sai irin su Kool FM, da ta fara aiki ba lasisi a 1991, suka riƙa kafa eriya a kan dogayen benaye suna watsa shi. Kafin a ankara, makaɗi Goldie ya fitar da kundinsa Timeless a 1995, Roni Size da ƙungiyarsa Reprazent na Bristol suka lashe kyautar Mercury, wadda ake bai wa kundin kiɗa mafi kyau na shekara, a 1997, kuma salon kiɗan grime da na dubstep duk sun sha daga wannan rijiya.

Ban yarda da masu kiran aikin matasan nan sata ba, domin wanda ya saurara da kyau ya san sun ƙirƙiri abin da babu shi a da. Abin da yake ci mini rai shi ne kamfanonin da suka kwashi riba ba su waiwayi mai gangar ba, alhali mu a wurinmu ko rawar dandali ba a tashi sai an yi wa makaɗi liƙi. Coleman ya rasu a Atlanta a 2006 ba shi da matsuguni, bai ga ko sisin kwabo ba. Sai a 2015 masu sauraro suka yi karo-karo a intanet suka miƙa wa Richard Spencer, jagoran ƙungiyar, shekara tara bayan rasuwar mai gangar.