Toshiyar kunne: yadda labarin ƙarya ya sayar da faifai sama da ɗari

A watan Fabrairun 2007 wani ma'aikacin harkar kuɗi a jihar New York ta Amurka ya zura faifan CD a kwamfutarsa don ya kwafe shi zuwa manhajar kiɗa ta iTunes. A jikin kwalin an rubuta sunan Joyce Hatto, makaɗiyar fiyano 'yar Ingila, tana kaɗa wasu ayyukan Franz Liszt masu wuyar gaske. Sai kwamfuta ta ce atafau, wannan kiɗan László Simon ne, wani ɗan asalin Hangari mazaunin Suwidin, wanda kamfanin BIS ya fitar shekara ashirin da suka wuce. Ita fa kwamfuta ba ta jin daɗin kiɗa. Iyakarta ta ƙirga sassan da ke kan faifai da tsawon kowanne, ta je ta gwada da rumbun bayanan Gracenote. Abin da ba shi da kunne shi ya kama ƙaryar da ta daɗe tana wucewa ta gaban masu taƙama da kunne.

Akwai wasu mutane a duniya da zan kira mayun sauti. Su ne masu tara faifai dubbai, masu sayen lasifika da kuɗin mota, masu kwana suna musu a intanet kan wace wayar haɗa lasifika ce ta fi fitar da amo mai tsafta. Ba na raina su. Duk wanda ya taɓa zama a gaban kayan sauti masu kyau ya ji numfashin mawaƙi kamar yana ɗakin, ya san abin ba hauka ba ne. Amma jarinsu ɗaya ne tak, wato amanar da suka ba kunnensu, kuma labarin Hatto ya nuna cewa kunnen nan yana karɓar toshiya. Ba da kuɗi ake ba shi ba, da labari ake ba shi.

Ga labarin da aka sayar musu. An haifi Hatto a Landan a 1928. Makaɗiya ce ta gaske, ta yi wasanni, ta ɗauki 'yan faifai, amma ba ta yi wani fice ba. A 1976 ta daina fitowa gaban jama'a. Mijinta, William Barrington-Coupe, mai ƙaramin kamfanin faifai da ake kira Concert Artist, ya ce ciwon daji ne ya tsare ta a gida. Sai a farkon shekarun 2000 faifai suka fara ɓarkowa daga garin Royston na Ingila kamar ruwan Agusta: Mozart, Beethoven, Chopin, Brahms, Rachmaninov, har suka haura ɗari. Tsohuwa mai shekara saba'in da 'yan kai, ciwo na cin ta, duniya ta manta da ita, ga shi tana kaɗa abin da matasa majiya ƙarfi ke gudu. Wa zai ji wannan zuciyarsa ba ta karaya ba?

A zaurukan hira na masu tara faifai a intanet aka fara yayata ta. Wannan ya saya ya yaba, wancan ya ji yabon ya saya ya ƙara gishiri, har maganar ta kai ga manyan masu sharhi. Wani marubucin jaridar Boston Globe ya siffanta ta da cewa ita ce mafi girman makaɗan fiyano masu rai da kusan ba wanda ya taɓa jin sunanta. Da ta rasu a watan Yunin 2006, jaridun Birtaniya sun yi mata ta'aziyya irin ta gwaraza.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne madugun makaɗan. Wasu ayyukan ba a kaɗa su da fiyano kaɗai, sai da rundunar makaɗa mutum sittin ko tamanin da mai jagorantarsu. A kwalayen Hatto an rubuta cewa wani René Köhler ne madugu. An kuma ba shi tarihi: wai ya tsira daga sansanin kisan Treblinka na 'yan Nazi, ya fita daga nan ya faɗa sansanin gwale-gwalen Tarayyar Sobiyet ya yi shekaru, daga baya ya dawo kiɗa da raunin jiki. Ba a taɓa haihuwar wannan mutum ba. Rundunar makaɗan ma babu ita. Ka tsaya ka duba: mutum tamanin su taru a ɗakin ɗaukar sauti sau da yawa, amma babu ko ɗaya da ya taɓa cewa abokinsa jiya mun yi aiki da Köhler, babu injiniya, babu direban da ya kwaso kaya, babu hoton taron. Tambayar da ɗan firamare zai yi ke nan. Masana ba su yi ta da ƙarfi ba, don wa zai tsaya yana tuhumar wanda ya tsira daga Treblinka?

A nan dabarar take, kuma ba sabuwa ba ce a wurinmu. Dillalin mota a bakin titi ba ya ce maka injin lafiya lau kawai ya yi shiru. Cewa zai yi wata Hajiya ce ke hawanta, daga gida sai asibiti, yanzu ma don za a fitar da ita waje neman magani ne take sayarwa. Ya haɗa maka abu biyu a lokaci ɗaya: dalilin da zai sa ka so motar, da kunyar da za ta hana ka buɗe bonet. Labarin tausayi garkuwa ne. Duk wanda ya ɗaga yatsa ya zama mara imani, mai hassada, mai cin naman mara lafiya.

Kuma an ɗaga yatsan. Tun 2005 wani masanin kiɗa ɗan Kanada, Marc-André Roberge, ya lura cewa a wani faifan Hatto akwai kuskure a daidai wurin da makaɗin Italiya Carlo Grante ya yi irinsa sak a nasa faifan na 1993. Duk malamin makaranta ya san ma'anar ɗalibai biyu su yi kuskure iri ɗaya a layi ɗaya. Maganar ta bi iska. Wasu suka ci gaba da gunaguni game da Köhler, masoyan Hatto suka yi musu ca, har wani marubucin mujallar Gramophone ya ƙalubalanci duk mai hujjar da za ta tsaya a kotu ya fito da ita. Ba wanda ya fito. Aka ɗauki shirun a matsayin wanke ta.

Bayan kwamfuta ta tona, sauran ya zo da sauri. Gramophone ta ba injiniyan sauti Andrew Rose faifan, ya jera hoton igiyar sautinsu da ta na asali, suka hau kan juna. Masu bincike a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan, waɗanda ke nazarin wasu ayyukan Chopin, su ma sun riga sun ga cewa na Hatto da na makaɗi Eugen Indjic abu ɗaya ne. An gano cewa ana ɗan ƙara wa kiɗan sauri ko a rage, a sauya launin amon, a liƙa sabon suna. Barrington-Coupe ya fara da musu, daga baya ya rubuta wa shugaban BIS, Robert von Bahr, wasiƙar amsa laifi. Ya ce ya fara ne da toshe wuraren da nishin ciwon matarsa ya shiga cikin sauti, kuma ita ba ta san komai ba. Ka ga, ko a wajen tuba ma sai da ya sake miƙo labarin tausayi. Likitan da ya duba ta a shekarunta na ƙarshe kuwa ya ce sai a 1992 aka fara yi mata maganin ciwon, shekara 16 bayan ta bar fage.

Ga wurin da ya kamata kowane mai sharhi, har da ni, ya sunkuyar da kai. Wani fitaccen mai sharhi ya saurari faifan Rachmaninov na Yefim Bronfman a farkon shekarun 1990 ya ce ba laifi amma babu zafi a ciki. Shekaru bayan haka aka kawo masa wannan kiɗan dai da sunan Hatto, ya sa shi cikin mafi kyawun da aka taɓa ɗauka. Yatsun ɗaya, fiyanon ɗaya, ranar ɗauka ɗaya. Sunan da ke kwali kawai aka sauya.

Ba na ganin mutumin a matsayin maƙaryaci ko jahili. Abin da ya ce ya ji, ya ji shi da gaske. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan fage abin da ka riga ka gaskata shi ke jan ragamar jin. A 2010 a birnin Indianapolis masu bincike ƙarƙashin Claudia Fritz sun sa ƙwararrun masu goge irin na Turawa su 21 tabarau mai duhu, suka ba su goge shida, uku sababbi, uku tsofaffin Italiya masu darajar miliyoyin daloli, biyu daga ciki na Stradivari, shahararren maƙerin goge. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo, wanda aka fi ƙi kuwa na Stradivari ne. Da an cire tabarau an faɗa musu sunayen, na tabbata da sakamakon ya sha bamban.

Mayun faifan garmaho ma sun sha nasu a 2022. Kamfanin Mobile Fidelity na Kalifoniya ya yi suna a kan cewa faifansa daga tef na asali ake yanko su kai tsaye, kuma masu saye na rantsuwa cewa suna jin ɗumin da sautin dijital ba zai taɓa bayarwa ba. Da kamfanin ya ce zai buga kwafi 40,000 na wani shahararren faifai, wasu suka yi lissafi suka ga tsohon tef ba zai jure wannan yawan juyawa ba. Mike Esposito, mai shagon faifai a Phoenix, ya fito da zargin a watan Yuli, ya je har wurin aikinsu, injiniyoyin suka amsa a gaban kyamara cewa akwai matakin dijital a tsakani. An daɗe ana haka, aƙalla tun 2011. Ƙarar da masu saye suka shigar ta ƙare da sasanci na kimanin dala miliyan 25. Aƙalla shekara goma sha ɗaya masu kunnen zinare suna sauraron abin da suka ce ba sa iya jurewa, suna lumshe ido.

Na san abin da wani zai ce: to mene ne a ciki? Kiɗan ya yi daɗi, mai saye ya ji daɗi, wa aka cuta? Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don faifan Mobile Fidelity suna da kyau, kuma waɗanda aka sace kiɗansu aka liƙa wa Hatto ƙwararru ne. Amma wannan hujjar ta manta da masu gumi. Makaɗa da yawa da aka kwashi aikinsu ba sanannu ba ne. Sun yi shekaru suna horo, sun fitar da faifai, masu sharhi suka wuce ba su waiwaya ba, sai ga aikin nasu yana shan kirari da sunan wata. Ta kuma manta da waɗanda suka tsira daga Treblinka da gaske, waɗanda ba su kai ɗari ba cikin dubban ɗaruruwan da aka kai can. Ɗaukar azabarsu a ɗinka wa wani mutumin bogi riga don a sayar da CD, wannan ya wuce wasa. Sannan duk mara lafiyar gaske da zai ba da labarinsa gobe zai tarar an riga an ɓata masa ruwa.

Abin da Barrington-Coupe ya yi da wahalar shekaru, yau ana yin sa kafin shayi ya huce. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya samar da fuska, da tarihi, da salon magana na wani tsohon injiniyan rediyo da ya gaji kayan sauti daga mahaifinsa, wanda matarsa ta rasu, wanda wata wayar lasifika mai tsada ta dawo masa da muryarta. Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta haramta sharhin bogi a 2024, har da wanda na'ura ta rubuta, Birtaniya ma ta bi sahu a 2025. Wannan zai taɓa kamfanoni. Ba zai taɓa mutumin da ke ƙarya don a ce masa malam ba, kuma irinsa sun fi yawa a tarukan masu sha'awa, inda ladan ƙarya girma ne ba kuɗi ba.

Mu da muka taso a gaban malaman zaure muna da wani ma'auni da ya girmi duk waɗannan dokoki. Allah Ya tsare, ba ina haɗa kiɗan fiyano da hadisi ba ne, hanyar binciken nake arowa. Malaman hadisi ba sa farawa da daɗin matani, da isnadi suke farawa: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa, wa ya san shi? Maruwaicin da ba wanda ya san shi sunansa majhuli, kuma ba a gina hukunci a kan maganarsa komai zaƙinta. Tambayar ba zagi ba ce gare shi, ƙa'ida ce da ake yi wa kowa. Köhler majhuli ne na ƙarshe, ga tarihi shafi guda amma babu mutum ɗaya da ya taɓa gaisawa da shi. Da an ɗauki tambayar wa ya gan shi a matsayin aikin yau da kullum maimakon rashin ladabi, da ba a jira iTunes ba.

BIS ba ta kai ƙara ba, 'yan sanda ba su gurfanar da kowa ba, Barrington-Coupe ya rasu a 2014 ba tare da ya tsaya gaban alƙali a kan wannan batu ba. László Simon ya riga shi, a 2009. Yabo mafi girma da kiɗansa na Liszt ya samu a rayuwarsa, da sunan wata mata da bai taɓa yi wa aiki ba aka rubuta shi.