Yunwar ɓacin rai da maganar lemun tsami

A Yamai, da mace ta ce tana son rage ƙiba sai a ce ta bar karin kumallo, ta sha ruwan lemun tsami. Lemun tsami ba ya narkar da kitse, kuma wanda ya wuni da yunwa da dare yake ramawa.

Sau da yawa ɓacin rai ne ke aika hannu kwano. Yunwar gaske a hankali take zuwa, ko ɗumamen tuwo ta karɓa. Ta ɓacin rai kuwa farat ɗaya take faɗowa, fanke take so da Coca mai sanyi, alhali gwangwani ɗaya sukarinsa giram 35 ne. In ta taso, a sha ruwa, a taka minti 20 cikin unguwa, yawanci kafin a dawo ta lafa.