Ranar da Na Gyara Ƙofar Tirelar Doki

Wanda ya sayar min da tirelar ya rantse cewa alminiyam ba ya tsatsa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Ba ya yin jan tsatsa irin ta ƙarfe, sai dai wata farar hoda da ke taruwa a cikin hinji har ta shaƙe shi. Ƙusar da ke tsakiyar hinjin kuwa ta ƙarfe ce, kuma idan ƙarfe da alminiyam suka haɗu da danshi, alminiyam ne ke cinyewa. Danshi kuwa dokina Akawal ya ɗauki nauyin samar da shi, don bai taɓa shiga tirelar nan ya fito bai yi fitsari ba.

Haka ƙofar baya ta koma kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai na sa kafaɗa kafin ta motsa.

Masu ba da shawara ba su yi wuyar samu ba. Maƙwabcina ya ce in zuba hodar garafayit, irin ta bakin fensir. Wani tsohon makaniki ya ji, ya girgiza kai: "Yaro, kada ka soma. Garafayit da alminiyam ba sa ga maciji, da ruwa ya shiga zai ƙara cinye shi." Ƙanena ya kawo shawarar a gasa hinjin da wuta. Tsohon ya ce alminiyam na narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka, sai dai ka ga hinjinka ya zube ƙasa.

Ni dai na ɗauko giris na lafta, har da ƙari don albarka. Ƙofa ta yi shiru na ɗan lokaci. Daga nan ƙura da ciyawa da gashin doki suka manne, abin ya zama wani baƙin kwaɓi mai gurzar hinjin. Akawal ya goga gindinsa a wurin, sannan ya kaɗa wutsiya ya raba min rabona a farar riga.

Dole na koma wajen tsohon. Ya sa na fitar da ƙusoshin a hankali, da katako tsakanin guduma da hinji, don alminiyam na da laushi. Na goge farar hodar da buroshin roba, na wanke, na bari ya bushe, sannan na kawo man feshi na silikon, wanda ke bushewa ba ya kama ƙura. Ya ja min kunne kada ya ɗiga a shimfiɗar da doki ke takawa.

Ina danna gwangwanin ya yi "fsss", Akawal ya ɗauka maciji ne, ya fizge igiya ya yi ta kansa.

Amma aiki ya yi kyau, wallahi. Da ɗan yatsa ake tura ƙofar. Na shiga ciki ina duba hinjin sama ina yaba kaina, sai iska ta taso. Ƙofar da a da sai an yi kokawa da ita ta taho salin-alin, ta rufe, sakata ta faɗa daga waje. Ita ma na fesa mata, ai.

Wayata na cikin mota. Na leƙa ta ƴar taga ina kwaɗa kira, sai ga Akawal ya dawo. Ya tsaya ya dube ni tsaf ta tagar da ya saba leƙowa, ya yi haniniya, ya sunkuya ya ci gaba da kiwonsa.