Karrama Lauyoyin da ke Tsaya wa Marasa Hali Kyauta

Duk lokacin da aka ba wani kamfanin lauyoyi lambar yabo saboda shari'o'in da ya ɗauka kyauta, sai ka ji mutane sun rabu gida biyu. Wasu su yi ta sa albarka, wasu kuma su ce ai wannan talla ce kawai, domin wanda ya yi abu don Allah ba ya jiran a kira shi gaban taro a miƙa masa allo mai ɗauke da sunansa. Ni ina cikin masu goyon bayan karramawar, amma ina da ƙorafi mai ƙarfi a kan ma'aunin da ake amfani da shi wajen zaɓen wanda za a karrama, kuma dalilina ya samo asali ne daga abin da na gani da idona.

Shekarun baya an tsare wani maƙwabcina, direban babbar mota, bisa zargin cewa da haɗin bakinsa aka sace kayan da ya ɗauko. Ya shafe kusan shekara biyu yana jiran shari'a. Yau a ce mai gabatar da ƙara bai zo ba, wani zaman a ce ba a ga fayil ba, wani kuma a ce motar da za ta kawo shi daga gidan yari ta lalace, kuma kowace ɗagewa tana cinye wata biyu ko uku daga rayuwarsa. Matarsa ta sayar da abin da za ta iya sayarwa har ta gaji. Daga baya wata matashiyar lauya daga wani kamfani ta karɓi shari'ar ba tare da neman komai ba. Na raka matar ranar da suka fara haɗuwa, kuma ban manta ba yadda lauyar ta ture wayarta gefe, ta buɗe wani littafin rubutu, ta ce, "Baba, ki fara mini daga farko, kada ki tsallake komai." Ta fi awa biyu tana sauraro tana rubutu. Da suka gama, matar ta ce, "Barista, tun da wannan abu ya faru, ke ce mutum ta farko da ta bar ni na kai ƙarshen magana." Lauyar ta bi sawun fayil ɗin daga ofis zuwa ofis har aka zaƙulo shi, ta nemi beli aka bayar, kuma bayan zama da dama masu ƙara sun kasa kawo shaida ko ɗaya, sai kotu ta kori ƙarar ta sallame shi.

Wanda bai san yadda kamfanin lauyoyi ke gudana ba zai ɗauka wannan aiki lamari ne na tausayi kawai. A gaskiya lokaci shi ne hajar lauya. A manyan kamfanoni ana rubuta kowace sa'a da lauya ya yi a kan aiki, ana caza ta a kan wanda ya kawo aikin, kuma da yawan waɗannan sa'o'in ake auna ƙaramin lauya idan an zo ƙarin girma ko rabon alawus. Saboda haka duk yinin da waccan matashiya ta ɓata a harabar kotu tana jiran a kira shari'ar direba, giɓi ne a lissafinta, kuma akwai wani babba a ofis da zai iya tambayarta ina ta shiga. A nan ne amfanin lambar yabo yake. Idan kamfani ya san cewa sunansa zai ɗaukaka da irin wannan aiki, zai fara lissafa waɗannan sa'o'i a matsayin aiki na gaske, ya naɗa wanda zai kula da sashen, ya daina kallon mai zuwa gidan yari a matsayin mai ɓata lokaci. Niyyar zuciyar masu kamfanin tsakaninsu da Mahaliccinsu ce, amma wanda ke tsare ba ruwansa da ko riya ce ta kawo masa lauya, muddin lauyan ya san aikinsa kuma ya tsaya har ƙarshe.

Su kansu lauyoyi sun daɗe da amincewa cewa wannan aiki, wanda suke kira da kalmomin Latin pro bono publico, wato don amfanin jama'a, wani hakki ne da ke wuyan sana'arsu. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, a cikin ƙa'idojin aikinta, ta buƙaci kowane lauya ya yi ƙoƙarin bayar da aƙalla sa'a 50 a shekara kyauta, kuma akwai manyan kamfanoni a can da suka sa hannu a kan alƙawarin sadaukar da kashi 3 ko 5 cikin 100 na sa'o'in aikinsu. Tun kafin wannan, a 1952, Nelson Mandela da Oliver Tambo sun buɗe ofishin lauyoyi a Johannesburg, inda baƙaƙen fata da dokokin wariyar launin fata suka addaba ke cika ɗakin jira, da yawansu ba su da abin biya.

Matsalata ita ce yawancin lambobin yabon nan da sa'o'i ake auna su, ko kuma da girman sunan shari'ar. Sa'a tana da sauƙin ƙirgawa, shi ya sa ake son ta, amma kamfani zai iya tara dubban sa'o'i ta hanyar jibge sababbin lauyoyi biyar a kan aikin da ƙwararre ɗaya zai gama cikin mako guda, ya mayar da shari'ar talaka makarantar koyon aiki ba tare da wani babba yana duba abin da suke rubutawa ba. Haka kuma kamfani zai iya zaɓar shari'ar da za ta shiga jarida, ya kauce wa ta matar da maigidan haya ke neman korarta ko ta ma'aikacin da aka sallama ba hakki, musamman idan masu gidaje da manyan ma'aikatu su ne masu kawo masa aikin kuɗi.

Labarin Clarence Gideon ya nuna wannan bambanci ƙarara. A 1961 aka zarge shi da fasa wani gidan wasa a jihar Fulorida ta Amurka. Ya roƙi kotu ta ba shi lauya, aka ce dokar jihar ba ta tanadi haka ba sai a laifin da hukuncinsa kisa ne, ya kare kansa da kansa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga cikin kurkuku ya rubuta ƙorafi da fensir zuwa Kotun Ƙolin Amurka, ita kuma ta naɗa Abe Fortas, babban lauya daga wani sanannen kamfani a Washington, ya tsaya masa. A watan Maris na 1963 alƙalan suka yanke hukunci baki ɗaya cewa dole ne jiha ta samar wa wanda ake tuhuma da babban laifi lauya idan ba shi da halin ɗauka. Wannan nasara ce mai girma, kuma Fortas ya cancanci yabon da ya samu. Sai dai hukuncin bai wanke Gideon daga zargin ba, ya dai ba shi damar sake shari'a. Wanda ya fitar da shi wani lauya ne na yankin mai suna Fred Turner, wanda ya zauna ya warware shaidar babban shaidan masu ƙara da tambayoyi, har aka wanke Gideon a watan Agustan shekarar. Mutane da yawa sun san sunan Fortas, kaɗan ne suka taɓa jin na Turner, alhali aikin da talaka ke buƙata kullum ya fi kama da na Turner.

Akwai kuma wani haɗari da nake so masu shirya bikin karramawa su riƙa tunawa. Samar wa mara hali lauya nauyi ne na hukuma, kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa ta faɗi haka a sashe na 14 game da wanda ake tuhuma da laifi. Lokacin da Ingila ta rage tallafin shari'a daga watan Afrilun 2013, ta cire yawancin shari'o'in iyali da na bashi da na aiki daga cikin waɗanda gwamnati ke biya, lauyoyin sa kai sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kotuna sun ci gaba da cika da mutanen da ke tsayawa gaban alƙali su kaɗai. Bai kamata jami'in gwamnati ya hau mumbari ya miƙa lambar yabo ba, sannan ya koma ofis ya zaftare kasafin hukumar ba da agajin shari'a yana ganin an rufe giɓin.

Abin da nake so kwamitin karramawa ya tambayi kowane kamfani shi ne: mutum nawa suka fito daga tsare, shari'a nawa aka kai ƙarshe, nawa aka yasar a hanya bayan an ɗauki hoto, kuma wane babban lauya ne ya sa hannu a kan takardun? Ina so a nemi jin ta bakin waɗanda aka tsaya wa, cikin sirri kuma da yardarsu, a kuma ambaci sunan ƙaramin lauyan da ya yi zirga-zirgar tare da sunan kamfanin. Kamfanin da waccan matashiya ke yi wa aiki ya karɓi irin wannan lambar bayan wani lokaci, kuma na yi musu murna da zuciya ɗaya, sai dai da na duba hoton taron ban gan ta a ciki ba. Da na gaya wa maƙwabcina, sai ya ce ba mamaki ranar tana kotu.