Amyoyin Malam sun rasa magaji

'Yan uwana matasan Kaduna, akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun rasuwar wani dattijo a unguwarmu, Tudun Wada. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malamin firamare ne, cikin waɗanda aka ɗiba lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976. Shekara 35 yana riƙe da alli, kuma rabin magidantan layinmu a hannunsa suka koyi haɗa baƙi. A zaman makoki kowa yabon karantarwarsa yake, ya kuwa cancanta. Amma da iyalinsa suka tambayi wanda zai ci gaba da kula da amyoyin zumarsa da ke gona bayan Maraban Jos, sai wuri ya yi tsit. Duk yawan ɗalibansa da 'ya'yan maƙwabta, an rasa mutum ɗaya da ya iya buɗe amya.

Tun yana cikin aiki ya fara kiwon zuma, don sha'awa kawai. Da ritaya ta zo, fansho ya koma yau da gobe, tsofaffin abokan aikinsa suna bin layin tantancewa cikin rana, zumar nan ce ta rufa wa gidansa asiri.

Wanda ya taɓa raka shi gona ya ga aiki. Sai rana ta yi sanyi yake zuwa. Ya zuba busasshen kashin shanu a gwangwanin hayaƙi, ya busa kaɗan a bakin amya, ya tsaya ya saurara, sannan ya zagaya ta baya ya ɗaga sandunan saman amyar ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da amyar ciyawa ya fara, irin wadda ake shafe wa da kashin shanu a rataya a bishiyar ɗorawa, daga baya ya koma ta katako mai sanduna a sama. Faɗin kowace sanda milimita 32 ne, don idan aka kuskure awon sai ƙudan su haɗe saƙa biyu wuri guda, ba ta ɗaguwa sai an farfasa. Saƙar da ƙudan ba su rufe bakinta da kaki ba, ba ya taɓa ta, domin zumarta ba ta nuna ba, ruwa ya yi mata yawa, tsami za ta yi a kwalba. Mai ɗauke da 'ya'ya ma yakan mayar da ita. Ƙafafun bencin amyar suna cikin gwangwanayen baƙin mai saboda tururuwa, ga kuma kaskon ruwa da tsakuwa a ciki don ƙudan su sha a bazara ba tare da sun nutse ba.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne masu shan zuma da wuta. Su je da dare su cinna wa kogon bishiya yayi, su ƙone sarauniya da ma'aikata da ƙwai, su kwashi zuma mai ƙauri, baɗi kuma babu komai a wurin. Yakan tuna mana cewa kwana 21 ake yi kafin ƙwai ya zama ma'aikaciya, ita kuma a lokacin aiki da ƙyar take wuce sati shida a duniya. Halittar da Allah ya saukar da sura guda da sunanta, Suratun Nahl, ya ce a cikin abin da ke fita daga cikinta akwai waraka ga mutane, ita ake saka wa da wuta.

To, ku da ke zaune a majalisa daga hantsi zuwa la'asar kuna latsa waya, kuna jiran wani kuɗin intanet ya fashe ko tikitin caca ya ci, da ku nake. Rashin aiki gaskiya ne, ba mai musu, kuma ba ku kuka jawo shi ba. Sai dai mutumin nan shekara da shekaru yana wuce ku a kan babur da rigar raga a ɗaure a baya, kuna gaishe shi, ba wanda ya ce, "Baba, zan bi ka in gani." Ba zai karɓi ko sisi ba. Mutum ne da ya saba koyarwa, burinsa ya sami mai tambaya.

Za ku ce ƙudan zuma na harbi. Ƙwarai kuwa, ai zuma da zaƙi da harbi, shi ya sa ake sa raga da safar hannu. Za ku ce daji ba lafiya, wannan ma haka ne, ba kuma wanda zai tura ku hanyar Birnin Gwari. Amma lambunan mangwaro da gwaiba na nan a gefen gari, nesa da gidaje, kuma mai lambun da ya san abin da yake yi maraba zai yi da amya, don ƙudan ne ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan, 'ya'yan itace su yi yawa. Kafinta zai haɗa maka amya daga katako. Kasuwa kuwa ba a neman ta: mutane sun gaji da dafaffen sukari da ake sayar musu da sunan zuma, duk wanda aka shaida tasa mai kyau ce, har gida ake bin sa. Kakin ma kuɗi ne.

Kuma ba zuma kaɗai ba. A Rigasa da Kawo da Unguwar Rimi akwai tsofaffin malamai da ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙun Kakuri da aka rufe, wani ya iya auren mangwaro, wani gyaran inji, wani kiwon kifi, suna zaune a ƙofar gida ba mai tambayarsu. Ka je bayan la'asar ka durƙusa ka gaida ɗaya, ka ce kana son ka koya, ka riƙe masa kaya, ka jure faɗansa. Amyoyin Malam kuwa suna nan a gonar, lokacin ɗiba shi ne kafin saukar damina, kuma iyalinsa sun ce duk wanda ya samo gwanin da zai nuna masa, ya zo su yi magana.