Kansar hanji da jininmu: ma'aunin wa ake gwada mu da shi?

Jama'a, yau zan taɓo fannin da ba mu saba tattaunawa a nan ba, sai ku ɗan yi haƙuri da ni.

Idan ƙari ya tsiro a babban hanji, jiki yakan saki wasu ƙananan sinadarai da ake kira kemokayin, masu kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. To akwai wasu makarɓa a jikin ƙwayoyinmu da ke kama sinadaran nan amma ba sa amsa kiran, sai dai su haɗiye su ko su kwashe su zuwa wani waje. Huɗu aka fi sani, ACKR1 zuwa ACKR4. Duk manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san amfanin magudana: ruwa ya yi yawa shuka ta ruɓe, a yashe shi ƙaf ta bushe. Aikin makarɓan nan ke nan.

A 2010 masu bincike a birnin Milan na Italiya sun nuna cewa ɓerayen da aka cire wa ACKR2 sun fi shan wahalar kumburin hanji, kuma kansa ta fi kama su bayansa, saboda babu mai rage kiran. Shi kuwa ACKR3 akan same shi da yawa a jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙari. Tun 2006 kuma Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faransa suka gano cewa masu kansar hanjin da ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, suka cika ƙarinsu sun fi daɗewa a raye. Ashe ba kowane kira ne ake so a kashe ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ACKR1. Shi ne rukunin jinin Duffy da aka gano a 1950. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma, mu ke nan, ba mu da shi a kan jajayen ƙwayoyin jini, ko da yake yana nan a bangon jijiyoyinmu. Wannan rashi ne ya kare kakanninmu daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax. Amma kuma yana sa adadin ƙwayoyin nutrofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga ƙwayoyin cuta) da ake gani a gwajin jininmu ya yi ƙasa da na Bature, alhali mutum lafiyarsa ƙalau.

Yanzu ku duba. Kafin a ɗaura wa mai kansar hanji ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, galibi ana son nutrofil ɗinsa ya kai 1,500 a kowace maikrolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini. Da jinin wa aka yanka wannan ƙa'ida? Ba da na mutumin Jega ko Zuru ba. Bawan Allah ya sayar da buhunan shinkafarsa, ya yi kuɗin mota, a auna shi a ce jini ya yi ƙasa, ya koma sai mako mai zuwa. Wataƙila haka Allah Ya halicci jininsa. Ban ga laifin likita ba, littafin da aka ba shi yake bi.

Mu ma da namu sakacin. Mutum ya shekara yana ganin jini a bayan gida yana shan jiƙon basir, sai ƙari ya toshe hanji a kwashe shi zuwa asibiti. Cutar da ke kashe sama da mutum 900,000 a duniya duk shekara!

Ra'ayina, Kebbi na da bakin magana. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, matar tsohon gwamnanmu, ita aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC. Ga asibitin koyarwa a Birnin Kebbi, ga ɗaliban likitanci na neman abin bincike. A auna jinin lafiyayyun mutanenmu a fitar da ma'aunin nutrofil namu. A riƙa gwada Duffy ga duk wanda zai fara kemo. A kuma adana ƙarin da aka yanke a tiyata, a duba yadda makarɓan nan suke a cikinsa.

Likitoci da ma'aikatan ɗakin gwaji da ke nan, sau nawa kuka ɗage wa mara lafiya kemo saboda nutrofil, alhali ba zazzaɓi, ba wata alamar cuta?