Kafin a ga laifin iyayen Inuit

Idan aka zo lissafin ciwon sanyi a Kanada, yankin Nunavut da ke can arewacin ƙasar ne ke kan gaba bisa yawan jama'arsa, kuma tun 2012 tunjere ya sake ɓarkewa a can. Mutanen yankin ba su kai dubu 40 ba a ƙidayar 2021, mafi yawansu 'yan ƙabilar Inuit ne, kuma yara da matasa sun yi yawa a cikinsu. Abu mafi sauƙi shi ne a ce iyaye ba sa zama da 'ya'yansu su yi musu bayanin balaga. Ni dai ban yarda a tsaya nan ba.

A tambaya mana, su iyayen wa ya koya musu? A da, lokacin da Inuit ke zaune dangi-dangi suna bin farauta, yarinya a wurin uwa da kaka take jin batun haila da haihuwa, ana ɗinkin fata ana hira. Yaro kuma yana jin nasa a wurin uba da kawunnansa. Daga shekarun 1950 gwamnati ta tattara su cikin garuruwa, aka kwashe yara zuwa makarantun kwana irin ta garin Chesterfield Inlet, inda da yawa suka gamu da duka da lalata daga hannun waɗanda aka ba amanarsu. Wasu iyayen kuma jirgin ruwa ya tafi da su kudu jinyar tarin fuka, suka yi shekaru, wasu ma ba su dawo ba. Sai a 2019 Justin Trudeau, firaministan Kanada na lokacin, ya je Iqaluit, babban birnin Nunavut, ya nemi gafara kan abin da aka yi wa masu tarin fukan.

To wanda ya taso haka, ko ya taso a hannun wanda aka yi wa haka, ta ina zai fara? Ga wasu, buɗe wannan zance tamkar fama tsohon miki ne. Binciken da cibiyar binciken lafiya ta Qaujigiartiit da ke Iqaluit ta yi da iyaye ya nuna suna son yin maganar, abin da suke nema a taimaka musu su san yadda za su fara.

Shi ya sa ba na ganin raba takardu a makaranta zai wadatar. Garuruwan Nunavut 25 ne, ba titi tsakaninsu, sai jirgin sama. Ma'aikatan jinya da yawa daga kudu suke zuwa, su yi ɗan lokaci su koma, kafin yaro ya saba da fuska ɗaya an canza ta. Ƙaramin gari kuwa kowa ya san kowa. Yarinya ta je asibiti neman gwaji, mai karɓar kati wataƙila gwaggonta ce. A gida ma, cunkoso ya sa samun wurin keɓewa da ɗa aiki ne.

Ƙungiyar matan Inuit, Pauktuutit, wadda aka kafa a 1984, ta fitar da tsarinta na lafiyar jima'i mai suna Tavva a 2017. Akwai kuma shirin tarbiyya na Inunnguiniq, wanda aka gina a kan al'adar Inuit ta renon yara. Irin waɗannan ya kamata gwamnatin tarayya ta riƙa ba kuɗi mai ɗorewa, a horar da 'yan gari masu jin Inuktitut, yaren Inuit, a sa dattijai a ciki, a kuma tanadi mai ba da shawara ga uwar da zancen zai tono mata abin da aka yi mata tana ƙarama.